Hukuncin takalmin da aka shiga asibiti da shi, da yin salla a ɗakin marasa lafiya

Tambaya: Ina jinyar mahaifiyata a wani asibiti a yankinmu na Tudun Wada. A ƙasa nake kwana kusa da gadonta, nan kuma nake shimfiɗa sallaya. Wata ma'aikaciya ta hana ni ajiye kwanon abinci a ƙasa, ta ce in ware takalmin asibiti daban da na gida. Shin daɓen asibiti najasa ne? Yaya matsayin sallolin da na yi?

Amsa: Allah ya ba mahaifiya lafiya, ya ba ka ladan jinya.

Sallolinka sun inganta, ba za ka rama ko ɗaya ba. Asalin ƙasa tsarki ne har sai ka ga najasa ko ka tabbatar da ita. Ko da akwai najasar, idan ka shimfiɗa sallaya mai kauri mai tsarki a kai, sallarka ta yi.

Shi kuwa takalmi, Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri (RA) cewa Annabi (SAW) ya taɓa cire takalmansa yana cikin salla saboda Jibrilu ya sanar da shi akwai ƙazanta a jikinsu, sannan ya umarci mai zuwa masallaci ya duba takalminsa, in ya ga ƙazanta ya goge a ƙasa. Sai dai malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, sun taƙaita wannan rangwame ga kashi da fitsarin dabbobi irin su jaki da doki, saboda wahalar kauce musu a hanya. Jinin mutum mai yawa, da fitsarinsa, da bayan gidansa, da aman da ya canza, gogewa ba ta isar musu, sai wanki da ruwa. Su ne kuwa abin da ake takawa a asibiti.

Amma ka lura, ma'aikaciyar nan ba hukuncin najasa take faɗa maka ba, cuta take gudar maka, kuma tana da gaskiya. Wuri yakan zama mai tsarki a shari'a alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. A 2020 likitoci sun gwada ƙasan takalman ma'aikatan sashen masu tsananin ciwo a wani asibiti a Wuhan ta ƙasar Sin, suka sami alamar ƙwayar korona a kusan rabinsu. Sun same ta har a daɓen ɗakin ba da magani, inda mara lafiya ba ya shiga. Ƙafa ce ta kai ta. A nan gida, kwalarar 2021 ta yi ɓarna a Kano, kuma ƙwayarta a cikin gudawa da aman mara lafiya take fita. Shi ya sa a sansanonin kula da masu wannan cuta ake sa mutum ya taka ruwan maganin kashe ƙwayoyi, ko a fesa masa a takalmi, kafin ya fita.

Cutar ba daga ƙasa take tsalle ta kama mutum ba, hannu ne ɗan aike. Buta, da cokali, da wayar hannu, da mayafin da ya ja ƙasa, ka ɗauka ka miƙa wa mara lafiya, ko ka ci tuwo da hannun. Kare kai da kare wasu daga cuta wajibi ne, ba ya kuma cin karo da tawakkali. Don haka ka ɗora abinci a kan kujera ko durowa, ka riƙa naɗe sallaya ta yadda gefen ƙasa ba zai haɗu da wurin goshi ba, ka sayi silifas na roba ka bar shi don asibiti kawai. Kada a kawo yaro mai rarrafe dubiya, ko da kakar ce ta matsa.

Wajen wanki akwai wani abu da ɗalibai kan manta. Ruwan da aka zuba wa Hypo ko Izal har warinsa ya canza yana kashe ƙwayoyi, amma a mazhabarmu ba ya ɗauke hukuncin najasa. Tsantsar ruwa yana ɗauke hukuncin, amma ba lallai ya kashe ƙwayoyin ba. Sai ka fara da na magani, ka ɗauraye da tsantsar ruwa.

Wani abu kuma da na sha gani a masallatanmu, daga Bebeji da Kiru har Doguwa, musamman da damina: jama'a su fito daga dubiya su wuce sallar La'asar, kowa ya ɗauki takalminsa a hannu don tsoron ɓarawo, ya ajiye a gaban wurin sujada, a idar a gaggaisa da wannan hannun. Ban ce ka bar takalminka a sace ba. Ka sa shi a leda, ka wanke hannu da sabulu kafin alwala, domin alwala ita kaɗai ba a yi ta don wannan aiki ba.

Allah ne mafi sani.