Takunkumi, tallafi da sulhu: Abin da tarihin Najeriya ya nuna kan hana yaɗuwar makaman nukiliya

Hana yaɗuwar makaman nukiliya, waɗanda aka fi sani da makaman ƙare-dangi, yana nufin matakan da ƙasashen duniya ke ɗauka domin kada masu riƙe da su su ƙaru. Ƙasashe tara ne ke da su a yau: Amurka da Rasha da Birtaniya da Faransa da Sin da Indiya da Pakistan da Koriya ta Arewa, sai Isra'ila wadda ba ta taɓa amsa cewa tana da su ba. Duk lokacin da aka zargi wata ƙasa da neman shiga wannan sahu, muhawara kan tsaya ne a kan hanyoyi uku: a ƙaƙaba mata takunkumi, ko a ba ta tallafi don ta janye, ko a zauna da ita a teburin sulhu. Najeriya ba ta da makamin, amma ta bi dukkan hanyoyin uku, kuma tarihinta ya nuna iyakar kowacce.

Inda haɗarin yake

Samun ma'adinin yuraniyom a ƙasa bai isa a ce an kusa da bam ba. Wanda ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, kamar na ko'ina, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na cikinsa ke da nau'in da ke fashewa. Wanda tashoshin lantarki ke amfani da shi akan tace shi zuwa kashi 3 zuwa 5, na makami kuwa yakan kai kusan kashi 90. Haka nan tarkacen haƙar kuza da mutanen Jos da Bukuru suka saba gani yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, to amma damuwar da ke tattare da shi ta lafiyar jama'a ce da muhalli. Abin da duniya ke sa wa ido shi ne injinan tacewa da kuma tataccen sinadarin. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wato IAEA, tana ɗaukar kilo 25 na nau'in mai fashewa a cikin tataccen yuraniyom a matsayin abin da zai iya isa a ƙera bam ɗaya.

Takunkumi

A ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi, musamman na Arewacin Najeriya, domin iskar hunturu daga wannan hamada take kwaso ƙura. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disambar shekarar, sai gwamnatin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga Legas a watan Janairun 1961, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na Faransa sauka a ƙasar. Wata uku ke nan da samun 'yancin kai.

Matakin ya ɗaga martabar Najeriya a idon 'yan Afirka, sai dai bai tsayar da Faransa ba. Ta sake gwaji a Afrilun 1961, sannan ta koma yi a ƙarƙashin duwatsun In Ekker har zuwa 1966, jimillar gwaji 17 a Aljeriya. Waɗanda suka fi jin jiki su ne maƙwabta irin su Nijar da Chadi, da kayansu ke bi ta tashoshin ruwan Najeriya, kuma cikin 'yan watanni aka ɗage haramcin jiragen.

Darasi na biyu ya zo daga Afirka ta Kudu. A watan Agustan 1977 Legas ta karɓi taron duniya na yaƙi da wariyar launin fata, lokacin da Joseph Garba, ɗan Langtang a Jihar Filato, ke riƙe da harkokin wajen ƙasar. A watan Nuwamban shekarar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 418, wanda ya haramta sayar wa gwamnatin wariya makamai ko taimaka mata wajen ƙera na nukiliya. Garba ya ci gaba da wannan fafutuka a matsayin shugaban kwamitin Majalisar na yaƙi da wariya daga 1984 zuwa 1989, kafin daga baya ya shugabanci Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa da ke Kuru, kusa da Jos. Duk da takunkumin, Afirka ta Kudu ta ƙera bam shida a asirce. Shugaba F. W. de Klerk ya ba da umarnin wargaza su ne bayan yarjejeniyar 1988 ta janye sojojin Kyuba daga Angola, yaƙin cacar baka ya lafa, mulkin wariya kuma ya kama hanyar ƙarewa. Masu goyon bayan takunkumi suna cewa matsin tattalin arziki ne ya kai ta ga haka. Masu suka kuma suna cewa wariyar da aka yi mata ce ma ta ƙara ingiza ta ga bam, kuma ba ta saki ba sai da tsoronta ya kau.

Tallafi

Misalin tallafi mafi kusa yana Zariya. A Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin, wadda aka samar da taimakon IAEA, ta kuma fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Ana amfani da ita wajen tantance ma'adinai da ƙasar noma da horar da ɗalibai. Makamashinta na farko, kimanin kilo ɗaya, an tace shi zuwa kashi 90. Bai isa bam ba, amma irinsa ne masu fasa-ƙwauri da 'yan ta'adda ke nema. A 2018, da haɗin gwiwar IAEA da Sin da Amurka, aka sauya tukunyar zuwa makamashi mai kashi 13, aka mayar da tsohon zuwa Sin a watan Disamba. Gana ta yi irin wannan a 2017. Jami'ar ta riƙe tukunyarta, haɗarin kuma ya gushe, ba tare da an yi wa kowa barazana ba.

Sai dai Najeriya ba ta neman bam tun farko, shi ya sa tallafin ya yi sauƙi. Inda niyya ta bambanta, sakamakon ma ya bambanta. A yarjejeniyar 1994 an yi wa Koriya ta Arewa alkawarin tan 500,000 na man fetur mai nauyi a kowace shekara da tashoshin lantarki biyu, ita kuma ta rufe tukunyarta ta Yongbyon. Yarjejeniyar ta rushe a 2002 cikin zargin juna, ƙasar ta yi gwajin farko a Oktoban 2006, kuma zuwa 2017 ta yi shida duk da jerin takunkuman Kwamitin Sulhu. Masu sukar tallafi suna kallon sa a matsayin lada ga mai barazana. Masu kare shi suna nuna cewa a shekarun da yarjejeniyar ke aiki, tukunyar Yongbyon a rufe take, sufetoci kuma suna wurin.

Diflomasiyya

A nan ne Najeriya ta fi daɗewa. Tana cikin ƙasashe takwas 'yan ba-ruwanmu da suka zauna a kwamitin kwance ɗamara na ƙasashe 18 a Geneva tun 1962, kuma tana cikin na farko-farko da suka amince da Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya a 1968. Cinikin da ke cikin yarjejeniyar shi ne marasa makamin su haƙura da shi, a ba su damar amfani da nukiliya ta hanyar lumana, masu shi kuma su yi shawarwarin kwance nasu. Jakada Oluyemi Adeniji ne ya jagoranci masanan da suka tsara Yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makaman a nahiyar Afirka. An sa mata hannu a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009. Najeriya ta kuma kasance cikin ƙasashen da suka ja ragamar yarjejeniyar 2017 ta haramta makaman baki ɗaya, ta amince da ita a ranar 6 ga Agustan 2020.

A batun Iran, Najeriya ta jefa ƙuri'a a ɓangarori biyu na muhawarar. Tana Kwamitin Sulhu a 2010 lokacin da ta goyi bayan ƙarin takunkumi a ƙuduri mai lamba 1929, tana kuma ciki a 2015 lokacin da aka amince da yarjejeniyar da ta taƙaita tacewar Iran a kashi 3.67 da ajiyar kilo 300, a madadin sassauta takunkumi. Amurka ta fice a watan Mayun 2018, zuwa 2021 kuma Iran ta kai tacewarta kashi 60.

Raunin diflomasiyya shi ne ta dogara ga cika alkawari. Yukren ta miƙa makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa tabbacin 1994 na mutunta iyakokinta, amma Rasha ta mamaye Kirimiya a 2014. Libiya ta watsar da shirinta a Disambar 2003, a 2011 kuma aka kifar da Mu'ammar Gaddafi da taimakon jiragen yaƙin ƙungiyar NATO. Hukumomin Koriya ta Arewa sun sha kafa hujja da makomarsa, wato gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Muhimmancin bincike

Kowace hanya aka bi, ana bukatar wanda zai tabbatar da gaskiyar zargi. A farkon 2003 Amurka da Birtaniya sun yi iƙirarin cewa Iraƙi ta nemi yuraniyom daga Afirka, kuma takardun da aka miƙa wa IAEA sun ambaci Nijar. A ranar 7 ga Maris shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na bogi ne. An shiga yaƙi cikin mako biyu, kuma ba a samu makamin nukiliya a Iraƙi ba.

Inda muhawarar take

Idan aka jera waɗannan misalai, za a ga takunkumi yana tsadantar da shirin ƙera bam, amma shi kaɗai bai tsayar da Faransa ko Afirka ta Kudu ko Koriya ta Arewa ba, kuma nauyinsa kan faɗa wa talaka da maƙwabci. Tallafi ya yi aiki a Zariya saboda buƙatar ɓangarorin ta zo ɗaya. Ƙasashen da suka saki makamin sun yi haka ne lokacin da suka ga tsaronsu bai rataya a kansa ba, kuma suka yarda sufetoci su shiga. Wannan ne ya sa wakilan Najeriya da na sauran ƙasashen Afirka ke maimaita wa manyan ƙasashe biyar cewa alkawarin kwance ɗamara da ke cikin yarjejeniyar 1968 yana nan a wuyansu, domin da wuya a shawo kan wata ƙasa ta haƙura da makamin da masu yi mata nasiha ke ƙara sabuntawa.