Lissafin maki a wasan tanis

Lissafin maki a wasan tanis hawa uku ne: maki ke haɗuwa su zama gem, gem su haɗu su zama set, sannan yawan set ɗin da ɗan wasa ya ci shi ke ba shi nasara a karawa. Set kamar turmi yake a dambe, sai dai shi ba a ƙayyade masa lokaci.

Gem

Ba a ƙirga maki da ɗaya, biyu, uku. Makin farko 15 ake kiransa, na biyu 30, na uku 40, na huɗu kuma ya kammala gem. Idan aka yi kunnen doki 40 da 40, dole ɗaya ya ci maki biyu a jere. In ya ci na farko ya zubar da na biyu, an koma kunnen doki ke nan. Mutum ɗaya ne ke bugun farko a duk tsawon gem, a gem na gaba sai abokin karawarsa ya karɓa. Mai bugun farko ya fi samun galaba, shi ya sa ƙwace gem daga hannunsa sau ɗaya kan isa a ci set.

Set

Wanda ya fara cin gem 6 da ratar aƙalla biyu shi ya ci set, misali 6-4. Idan aka kai 5-5, ana iya ƙarewa da 7-5. Idan kuwa aka kai 6-6, sai a yi gem na raba gardama, inda ake ƙirga maki ɗaya bayan ɗaya har wani ya kai 7 da ratar biyu, a rubuta sakamakon 7-6. Ba'amurke Jimmy Van Alen ne ya ƙirƙiro raba gardama, kuma gasar US Open ta fara amfani da wani nau'insa a 1970.

Karawa

Yawancin karawa set uku ce, wanda ya ci biyu ya yi nasara. A manyan gasanni huɗu na Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka, maza na buga set biyar, mai cin uku ya wuce. Mata set uku suke bugawa.

Set na ƙarshe ne ya daɗe yana jawo muhawara, domin a da wasu gasanni ba sa yin raba gardama a cikinsa. A Wimbledon ta 2010, John Isner na Amurka da Nicolas Mahut na Faransa sun shafe awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, Isner ya ci set na biyar da 70-68. A 2019 Wimbledon ta sanya raba gardama idan an kai 12-12, kuma a wasan ƙarshe na shekarar Novak Djokovic ya doke Roger Federer da 13-12 a set na biyar, duk da cewa Federer ya fi shi tara maki a jimlar karawar. Ba baƙon abu ba ne a tanis, tun da ba jimlar maki ake dubawa ba. Daga 2022 manyan gasannin huɗu sun daidaita a kan doka ɗaya: idan aka kai 6-6 a set na ƙarshe, a yi raba gardama zuwa maki 10 da ratar biyu.

Karawa na iya ƙarewa kafin a kammala set ɗin, idan ɗan wasa ya janye saboda rauni ko aka kore shi saboda saɓa doka.