Fasfon Jariri da Ƙofar Komawa Gida: Martani ga Masu Cewa Katin OCI Ya Raba Gardama

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a wurin masu nazarin ƙaura, wai Indiyawan da suka haihu a ƙasar waje ba su da sauran wani zaɓi mai wuya game da ƙasar da jaririnsu zai zama ɗanta. Masu wannan ra'ayi suna ganin hanya ta miƙe tun Janairun 2006, lokacin da gwamnatin Indiya ta fara raba katin OCI, na 'yan asalin Indiya masu fasfon wata ƙasa, a taron 'yan ƙasar mazauna waje da aka yi a Hyderabad. Sai a yi wa yaro fasfon Amurka ko Kanada ko Birtaniya, a haɗa masa da katin, ya samu nan ya samu can. Wannan maƙala ba ta yarda da haka ba. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne akwai asara ta gaske a cikin wannan zaɓi, kuma wanda asarar ke faɗa wa shi ne wanda ba a tambaye shi ba.

Tarihin dokar sananne ne, Roy (2010) da Jayal (2013) sun wadatar a kansa. Ya isa a tuna cewa Dokar Zama Ɗan Ƙasa ta Indiya ta 1955 ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba, kuma kwamitin L. M. Singhvi da aka kafa a 2000 shi ne ya share fagen gyare-gyaren 2003 da 2005 da suka haifar da katin. Katin yana ba mai shi damar shiga Indiya ba tare da neman biza ba tsawon rayuwarsa, da zama, da aiki, da kasuwanci. Ba ya ba shi ƙuri'a, ko muƙamin siyasa, ko aikin gwamnati, ko damar sayen gona.

Wanda ya fi kowa kafa wa ra'ayin hujja shi ne Daniel Naujoks, a littafinsa na 2013 kan Indiyawan Amurka. Ya nuna katin ya rage fargabar da ke hana mutane karɓar takardar zama ɗan Amurka, kuma bai yanke alaƙarsu da gida ba, mai yiwuwa ma ya ƙarfafa ta. Ba ni da ja a kan abin da ya gano. Inda nake ja, na farko, shi ne yadda ake ɗauko sakamakonsa a shimfiɗa a kan jarirai, alhali manya ya bincika. Injiniyan da ya girma a Chennai, ya yi karatu, ya jefa ƙuri'a, sannan ya sauya fasfo yana da shekara arba'in, ya san abin da ya ajiye da abin da ya ɗauka. Yana da harshe, da abokan makaranta, da gidan gado, katin ƙari ne kawai a kan alaƙar da ta riga ta ƙullu. Jaririn da aka haifa a Dallas ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan tukuna. Shi katin ne kaɗai takardar da ke tsakaninsa da ƙasar iyayensa, don haka ƙarfin katin ko rauninsa ya fi shafarsa.

Na biyu, littafin ya fito ne kafin a jarraba katin. Daga 13 ga Maris 2020, da annobar korona ta ɓarke, Indiya ta dakatar da damar shiga da katin ke bayarwa. Da aka fara jigilar kwaso 'yan ƙasa a watan Mayu, sai ga iyaye masu fasfon Indiya, wasu ma aikinsu ya ƙare, suna da kujera a jirgi amma jariransu masu fasfon Amurka ba su da ita. Sai wajen ƙarshen watan aka sassauta wa irin waɗannan yara. A ranar 4 ga Maris 2021 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fitar da sanarwa da ta fito fili ta ce mai katin baƙo ne a idon doka, kuma sai da izini na musamman zai yi bincike na ilimi, ko aikin jarida, ko wa'azi. Sanarwar ta kuma taƙaita ɗalibai masu katin ga guraben da aka ware wa mazauna waje a jarrabawar shiga karatun likita da injiniyanci, guraben da kuɗinsu ya ninka na sauran. A Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli, a shari'ar Anushka Rengunthwar, ta ce ba za a yi amfani da sanarwar a kan waɗanda suka riga suka mallaki katin ba. Wannan sauƙi ne ga na baya. Jaririn da ake yi wa kati yau yana ƙarƙashin sabuwar ƙa'ida.

Abin lura a nan ba tsananin kowane mataki ba ne. Duk an ɗauke su ne da sanarwar ma'aikata, ba tare da an taɓa kundin tsarin mulki ba. Sashe na 7D na dokar 1955 ya ba gwamnati ikon soke katin, kuma ta yi amfani da shi, kamar yadda aka yi wa marubuci Aatish Taseer a Nuwamban 2019 bisa hujjar cewa ya ɓoye cewa mahaifinsa ɗan Pakistan ne. Ɗan ƙasa, komai ɓacin ran gwamnati da shi, ba a hana shi sauka a filin jirgin ƙasarsa. Wanda ya hau dokin aro dole ya san ranar da mai doki zai ce a sauka.

Mai bin Naujoks zai ce: to, sai me? Yawancin waɗannan yara ba za su taɓa neman ƙuri'a a Indiya ba, ba za su sayi gona a Punjab ba, kuma fasfon Amurka yana buɗe musu ƙofofin da na Indiya ba ya buɗewa. Zai ƙara da cewa iyayen sun ga abin da ya sami 'ya'yansu da aka haifa a Indiya aka kawo su suna ƙanana. Saboda dokar Amurka ba ta ba kowace ƙasa fiye da kashi 7 cikin 100 na takardun zama na dindindin a shekara, Indiyawa masu bizar aiki ta H-1B suna shafe shekaru a layi, yaron da ya cika 21 kafin layi ya iso kuwa sai ya fita daga takardar iyayensa. Uwar da ta ga haka a kan ɗan farinta ba za ta yi wasa da takardar ƙaninsa ba. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ban ga yadda mai adalci zai zargi irin wannan uwa ba. Shachar (2009) ta riga ta nuna cewa inda aka haifi mutum gado ne kamar dukiya, mai babban tasiri a rayuwarsa.

Sai dai hujjar ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Zama ɗan Amurka ba abin da iyaye ke zaɓa ba ne. Bisa gyara na 14 na kundin tsarin mulkin ƙasar, da hukuncin Wong Kim Ark na 1898, yaron ya zama ɗan ƙasa tun ranar haihuwa, ko an yi masa fasfo ko ba a yi ba, kuma rashin fasfo ba ya goge wannan matsayi. Ɓangaren Indiya ne ke da wa'adi. Sashe na 4 na dokar 1955, tun daga 3 ga Disamba 2004, ya ce yaron da aka haifa a waje ba zai gaji ƙasar iyayensa ba sai an yi masa rajista a ofishin jakadancin Indiya cikin shekara guda, in ta wuce kuma sai da izinin gwamnatin tarayya, sannan iyaye su tabbatar cewa ba ya riƙe da fasfon wata ƙasa. Ke nan ɗaya ƙofar a buɗe take har abada, ɗayar kuma tana rufuwa kafin yaro ya fara tafiya. Wanda ya ce babu asara bai dubi wannan bambanci ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙaramin sashe na 4(1A), wanda ba kasafai ake kawo shi a muhawarar ba. Ya ce yaron da ya gaji zama ɗan Indiya, kuma yana da wata ƙasar, zai rasa ta Indiya ne kawai idan bai ajiye ɗayar ba cikin wata shida bayan ya cika shekara 18. Wato majalisar dokokin Indiya da kanta ta amince ƙaramin yaro ya riƙe ƙasa biyu, ta kuma ajiye masa zaɓin har ya mallaki hankalinsa. Wannan ya dace da ruhin dokar baki ɗaya, domin sashe na 9 yana magana ne kan wanda ya karɓi wata ƙasa da son ransa, jariri kuwa ba shi da son rai a wannan sha'ani. Da na tsaya a nan, da na ce shawarar da ta dace ita ce iyaye su yi wa yaro rajista, su jinkirta fasfon waje, su bar masa zaɓinsa.

Amma hujjar ba ta kai ni can ba, dole in taƙaita abin da nake iƙirari. Dokar Amurka ta wajabta wa ɗan ƙasarta ya shiga ya fita da fasfonta, kuma ofisoshin jakadancinta ba sa ba ɗan ƙasa biza. Iyalin da ke zaune a New Jersey, suna son kai jika wurin kakanni a Kerala su dawo bakin aiki, ba su da hanyar yin haka da fasfon Indiya kaɗai. Da zarar sun karɓi na Amurka kuwa, sharaɗin sashe na 4 ya rushe. Don haka zaɓin da 4(1A) ya ajiye wa yaro, a Amurka, ya fi amfanar iyalin da ya ƙuduri komawa gida da wuri. A Birtaniya lamarin ya ɗan bambanta. Tun 1 ga Janairu 1983 haihuwa kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa sai ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin, kuma wanda ya yi shekara goman farko a can yana da haƙƙin yin rajista daga baya. A nan fasfon Indiya da farko ba ya toshe komai, kuma ina ganin shawarar jinkiri tana da ƙarfi. A ƙasashen yankin Gulf, inda Indiyawa fiye da miliyan 8 ke zaune, babu ma zancen zaɓi, fasfon Indiya ne ko babu. Haka abin yake ga 'ya'yan Indiyawan da aka haifa a Kano ko Legas, tunda sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 yana neman iyaye ko kakanni 'yan Nijeriya. Muhawarar da ake yi kamar ta shafi kowa, a gaskiya ta masu ilimi da kuɗi ce a ƙasashe ƙalilan.

Saura hujja guda da mai bin Naujoks zai iya kawowa, ita ce hanyar komawa. Sashe na 5 na dokar 1955 ya ba wanda ya riƙe katin shekara biyar, ya kuma zauna a Indiya wata goma sha biyu, damar neman rajistar zama ɗan ƙasa. Gaskiya ne. Amma nema ne ake yi, hukuma tana iya bayarwa ko ta hana, kuma wanda aka soke wa kati ya rasa hanyar baki ɗaya. Wanda ya gaji ƙasarsa ba ya neman alfarmar kowa. Ina ganin wannan bambanci tsakanin haƙƙi da alfarma shi ne ainihin abin da ake jayayya a kai, kuma shi ne abin da ƙididdigar masu karɓar takardar Amurka ba za ta iya aunawa ba, komai kyawun ƙididdigar.

Idan haka ne, nauyin gyara yana kan dokar Indiya fiye da iyaye. Ba sai ta amince da ƙasa biyu ga manya ba, tarihin rabuwar 1947 ya sa wannan ya yi mata wuya, kuma dalilinta abin fahimta ne. Japan ma ba ta yarda da ƙasa biyu ga baligi, amma tana barin yaron da aka haifa da biyu ya riƙe su har ya girma ya zaɓa. Abin da ya rage wa Indiya shi ne ta cire sharaɗin fasfo daga sashe na 4, ta bar 4(1A) ya yi aikin da aka rubuta shi dominsa. Jaririn Dallas zai iya tafiya da fasfon Amurka, sunansa kuma yana cikin rajistar ofishin jakadancin Indiya da ke Houston, har ya cika 18 ya yanke wa kansa. Ban ga barazanar tsaron da ɗan shekara uku mai fasfo biyu zai haifar ba, kuma Indiya ta shiga Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun Disamban 1992, wadda sashenta na 8 ya ɗora wa ƙasashe kare asalin yaro har da ƙasarsa. Kafin a yi wannan gyara, abin da ya kamaci masu bincike da lauyoyin da ke ba iyaye shawara shi ne su faɗa musu wa'adin shekara guda, da abin da katin ya gaza yi a 2020 da 2021, tun kafin su cika takardar neman fasfo.