Matan da Ba Su Gaji da Roƙo Ba

A shafin tarihi na bana za mu leƙa gidan maƙwabtanmu Kiristoci, mu ga yadda matansu suka riƙe addu'a shekara da shekaru saboda ɗiyansu. Duk wanda ke Jangebe ya san abin da ya ja mu ga wannan magana.

Cikin daren Juma'a, 26 ga Fabrairu 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke garin nan, suka kora ɗalibai cikin daji. Ranar Talata, 2 ga Maris, aka sako su 279, aka kai su gidan gwamnati a Gusau. Kwana huɗu ke nan. Amma iyaye mata a Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san nauyin kwanakin nan: ba ci, ba barci, sai roƙon Allah. To, akwai matan da irin wannan jira ya ɗauke su shekaru.

A tarihin Kiristoci, wadda aka fi tunawa da ita wajen naci ga addu'a 'yar Afirka ce, sunanta Monika. Mutuniyar Tagaste ce, garin da yau ake kira Suk Aharas a Aljeriya. A 354 ta haifi ɗanta Agustin. Yaro ne mai kaifin kai, amma da ya tafi karatu Kartaj sai ya bar tafarkin da ta ɗora shi a kai, ya bi wata aƙida dabam wajen shekara 9. Monika ba ta sallama shi ba. Kullum tana coci tana kuka tana roƙo. A 383 ya yi mata dabara, ya shiga jirgin ruwa da dare zuwa Rum, ya bar ta a bakin teku. Daga baya ita ma ta ƙetare tekun, ta same shi a birnin Milan na Italiya. A 387 aka yi masa baftisma, a shekarar kuma ta rasu a Ostiya tana da shekara 56. Ba ta ga lokacin da ya zama bishop na Hippo ba, balle ta ji yadda sunansa ya cika duniya.

Ina ta samo wannan naci? Kiristoci suna kafa hujja da wani misali da ke Linjilar Luka, sura ta 18: wata gwauruwa ta yi ta sintiri wurin alƙalin da ba ya tsoron Allah, har ya gaji ya bi mata hakkinta. Idan naci ya karya azzalumi, ina ga roƙon Mai jinƙai?

A arewacin Nijeriya, masu riƙe da wannan gado su ne Zumuntar Mata na coci-cocin da ke ibada da Hausa. Kun sha ganinsu da atamfarsu iri ɗaya. Sukan haɗu su yi addu'a, su gaida marasa lafiya, su je ta'aziyya, su yi karo-karo ga wadda ta shiga matsi. Babbar jarrabawa ta same su ranar 14 ga Afrilu 2014, da Boko Haram ta kwashe 'yan mata 276 a makarantar Chibok. Mafi yawansu ɗiyan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, cocin da ya faro a Garkida a 1923. Guda 57 sun kuɓuta tun da wuri. Sai a Oktoba 2016 aka sako 21, aka haɗa su da iyayensu a taron godiya a Abuja. A Mayu 2017 aka ƙara sako 82. Da aka cika shekara 10, sama da 80 ba su dawo ba, kuma iyaye da dama sun rasu ba su sake sa ɗiyansu a ido ba.

Sai Dapchi a jihar Yobe. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka ɗauki 'yan mata 110. Bayan wata guda aka maido sauran, ban da waɗanda suka rasu a hanya, aka riƙe Leah Sharibu, 'yar shekara 14, don ta ƙi barin addininta. Mahaifiyarta ba ta zauna a ɗaki ba: a 2020 har Landan ta je tana neman a sa baki, coci-coci kuma suna ta yi wa yarinyar addu'a duk ranar da aka tuna sace ta.

Abu biyu ne tarihin nan ke nunawa. Na farko, matan nan sun haɗa roƙo da tafiya: Monika ta hau teku, iyayen Chibok sun yi ta zarya Abuja. Na biyu, ba kowace ce ta ga abin da ta roƙa da idonta ba, kuma mai dogon jira ba ta iya ɗaukarsa ita kaɗai. A makon farko gida kan cika da masu jaje. Bayan wata shida fa? A nan ne ake gane amfanin zumunci.

Mu da muka san adashi mun san ba ranar zubi ake kwasa ba, kuma in ɗaya ta janye, sauran ne ke jin jiki. Har yau a ƙauyukanmu akwai uwar da ɗanta ko mijinta ke hannun 'yan bindiga. Don Allah kowace unguwa ta san tata, Musulma ce ko Kirista. A riƙa leƙa ta, a kai mata ko tiya ɗaya ta gero, a zauna da ita, a sa sunan nata cikin addu'a.

Allah ya kuɓutar da duk wanda ke daji, ya sanyaya zukatan iyaye, ya ba Zamfara zaman lafiya. Amin.