DIWANI: KALMAR DA TA FARA DA JERIN SUNAYE

 

Ya 'yan uwa, da zarar an ce "diwani", abin da ke zuwa zukatan ɗalibanmu shi ne littafin waƙoƙi, kamar diwanin Imam Shafi'i. Wannan ma'ana daga baya ta zo. Tun farko diwani rajista ce ta hukuma, sannan ya zama sunan ɗakin da ake adana rajistar, wato abin da muke kira taskar tarihi, Larabawan yau kuma suke kira "arshif", kalmar da suka aro daga Turawa, su kuma Turawa daga Girkawa.

Kalmar ba Balarabiya ba ce, daga Farisanci take. Al-Mawardi da Ibn Khaldun sun kawo labarin cewa Kisra ya ga magatakardansa suna lissafi suna magana su kaɗai, sai ya ce "diwana", wato mahaukata, sunan ya bi su. Labari ne mai daɗi, amma ni ban dogara da shi ba. Masana harshe sun fi danganta kalmar da wani tsohon tushe na Farisanci mai nufin rubutu.

Wanda ya shigo da ita Musulunci shi ne Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. Ɗabari ya sa abin a shekara ta 15 bayan Hijira, Balazuri ya ce ta 20. Dukiya ce ta yi yawa. An ruwaito cewa Abu Huraira ya zo daga Bahrain da dirhami 500,000, har Umar ya yi ta maimaita masa tambaya, yana zaton gajiyar tafiya ce ta sa ya faɗi haka. Sai aka ba shi shawarar ya kafa diwani irin na sarakunan Ajam. Ya kira masana nasaba uku, Aƙilu ɗan Abu Ɗalib da Makhrama ɗan Naufal da Jubairu ɗan Muɗ'im, ya ce su rubuta mutane. Da suka sa gidansa kusa da farko saboda halifanci, ya ƙi. Ya umarce su su fara da dangin Manzon Allah (SAW), na kusa sannan mai bi masa, shi kuma su bar shi inda Allah Ya ajiye shi. Mutanen Badar aka yanka wa kowannensu dirhami 5,000 a shekara.

Ku duba, 'yan uwa: takardar hukuma ta farko da aka adana bisa tsari a tarihinmu jerin masu haƙƙi ce. Wanda sunansa ya faɗi daga diwani, rabonsa ya faɗi.

Diwanin haraji kuwa ya daɗe cikin Girkanci a Sham da Farisanci a Iraƙi, har sai zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, wajen shekara ta 700 Miladiyya, aka mai da shi Larabci. A wannan zamanin ne kuma aka ƙona diwanin Iraƙi a fitinar Ibnul Ash'as. Abu Yusuf ya ambata a Kitabul Kharaj cewa bayanan filayen da Umar ya keɓe sun salwanta a wannan gobarar.

Daga nan kalmar ta yaɗu. Turkawan Usmaniyya suka kira majalisar sarkinsu da ita. 'Yan kasuwar Turai da ke biyan haraji a tashoshin Musulmi suka tafi da ita gida, ta zama "douane" a Faransanci da "aduana" a Sifaniyanci. Shi ya sa duk wanda ya tsallaka iyakar Nijar zai ji ana kiran jami'an kwastan 'yan duwan. Mu kuma a ƙasar Hausa muna da "kundi", tarin takardun malami da ake naɗewa cikin gafaka. Wasu sun isa Gidan Arewa a Kaduna, ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Da yawa kuwa suna nan cikin akwatuna a zaurukan magada, gara na cin gefensu.

Wallahu a'alam.