Ruwan Bagaja: ranar da jahili ya kayar da malami a Saburi

A 1933 Rupert East, na Hukumar Fassara ta Zariya, ya kira gasar ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga gasar, har da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Amma wanda ya fi zama a bakin mutane shi ne Ruwan Bagaja na ƙanen Bello, Abubakar Imam, malamin Midil ta Katsina da aka haifa a 1911.

Alhaji Imam, gogan labarin, ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke limamin garin daga kunyar da aka ba shi a fada. Hanya ta bi da shi gari gari, yana cin abinci da rawani da ƙarya.

A Saburi aka haɗa shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda ya fi shi karatu nesa ba kusa ba. Alhaji ya duƙa ya ja lanƙwasasshen zane a ƙasa, ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta jero sunayen baƙaƙe, Alhaji yana cewa a'a. Da ya gaji, sai Alhaji ya ce jinjirin wata ne. Jama'a suka sa wa Zurƙe ihu har ya bar garin.

A ganina nan ne ƙarfin littafin. Abubakar Imam ɗan gidan malamai ne, bai taɓa addini ba. Bulalarsa ta sauka kan mai sayar da malanta, da taron da ya fi gaskata mai kaifin baki a kan mai sani. Duk wanda ya tsaya gaban mai tallar laya ranar kasuwa a Madawa, Buza ko Keita ya san taron nan.

A Sifaniya, littafin Lazarillo de Tormes ya yi irin wannan tonon silili a 1554, da labarin mai sayar da takardun yafe zunubi wanda ke shirya karamar ƙarya da abokinsa. Marubucin ya ɓoye sunansa, kotun coci ta haramta littafin a 1559. Imam kuwa da sunansa ya fito, ya ma laƙaba wa ɗan damfarar sunan, kuma a aji ɗalibai suka riƙa karanta littafinsa a Arewacin Najeriya.