Ƙafar Direba da Numfashin Inji: Tarihin Totur a Motocin Tsere

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da direba ya san totur, watau abin nan da ake takawa da ƙafar dama mota ta ƙara gudu. Galibin mutane sun ɗauka fetur direba yake tura wa inji idan ya taka shi. Alhali kuwa a injin fetur iska ce totur yake buɗe wa hanya. Akwai wani ɗan faifai a maƙogwaron inji wanda yake toshe mashigar iska. In an taka totur sai faifan ya karkace, iska ta kwarara, fetur ya biyo ta daidai gwargwado.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin abin da yake haɗa ƙafar direba da wannan faifai a motocin tsere, waɗanda ake ƙera su ɗaya-ɗaya domin gasa. Hanyoyin biyu ne: ta ƙarfe, watau kebur ko sanda, da kuma ta lantarki. Za a ga cewa muhawarar da aka fara a kan wace hanya ta fi aminci ta rikiɗa ta zama muhawara a kan wane ne yake tuƙin, direba ko kwamfuta.

Zamanin Kebur da Sanda

Totur bai fara a ƙarƙashin ƙafar dama ba. Motar Ford samfurin Model T, wadda aka yi ta ƙerawa a Amurka daga 1908 zuwa 1927, da hannu ake ba ta wuta, ta wani ɗan mariƙi a jikin sitiyari. Motocin tsere da dama na ƙasar Italiya kuwa a tsakiya suke sa totur, birki yana damansa. Shi ya sa da Stirling Moss, direban nan na Ingila, ya sayi Maserati 250F cikin 1954, sai ya sa aka mayar masa da totur dama, gudun kada ƙafarsa ta bi sabo ta taka wuta a inda ya nufi birki.

Wannan zamani ya kai ganiyarsa da injin DFV na kamfanin Cosworth a Ingila. Ranar da aka fara fita da shi, cikin 1967, Jim Clark ya ci tseren ƙasar Holan da shi. Daga 1968 aka shiga sayar da shi ga wasu ƙungiyoyi, har ya zamana mutum ya sayi inji, ya ƙera gangar jikin mota a garejinsa, ya shiga babbar gasar Formula One. Injin ya ci tsere 155 a gasar tsakanin 1967 da 1983. Totur ɗinsa faranti ne na ƙarfe mai huda, wanda kebur yake ja ya zame a kan mashigan iska, sifirin kuma ya komar da shi.

Amfanin wannan tsari a fili yake: ga araha, ga sauƙin gyara, kuma duk abin da ya lalace bakanike yana ganinsa da idonsa. Aibinsa shi ne ƙarfe ba ya sanin ya yi kuskure. Yashi ya shiga faranti, ko kebur ya tsinke zare ya sarƙe, ko sifirin ya karye, sai totur ya maƙale a buɗe, direba ya ɗage ƙafa mota ta ƙi saurarawa. Wannan aibi bai tafi da tsohon zamani ba. Cikin 2000, a filin tsere na New Hampshire a Amurka, direbobi biyu na gasar NASCAR, Adam Petty a watan Mayu da Kenny Irwin a watan Yuli, suka rasu wajen gwaji, aka kuma danganta haɗurran biyu da maƙalewar totur. Bayan haka hukumar gasar ta wajabta sa maɓallin kashe inji a jikin sitiyari.

Shigowar Lantarki

Daga jiragen sama aka aro dabarar aika umarni ta wayar lantarki maimakon jan ƙarfe. Kamfanin BMW na Jamus ya sa ta a totur ɗin motarsa 750i cikin 1987, sa'an nan ƙungiyar McLaren ta shigo da ita Formula One cikin 1992, a motar da Ayrton Senna ya tuƙa da injin Honda. Yadda abin yake aiki shi ne, akwai ma'auni a jikin abin takawa wanda yake gaya wa kwamfuta iyakar inda ƙafa ta kai, kwamfuta kuma ta umarci wani ɗan injin lantarki ya buɗe faifan. Ke nan ƙafar direba ta koma mai roƙo, kwamfuta ce mai zartarwa.

Da wannan aka sami abubuwan da kebur ba ya iyawa. Ana iya lausasa totur ranar ruwan sama don kada taya ta sulɓe, ana kuma iya sa inji ya daidaita juyinsa da kansa lokacin sauke giya.

Rikicin Doka

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Kwamfutar da take iya lausasa totur tana iya rage ƙarfin inji da kanta da zarar taya ta fara sulɓi, aikin da a da gwanintar direba ce. Hukumar FIA, mai kula da gasar, ta haramta irin wannan taimako daga 1994. Sai dai haramtawa daban, kamawa daban. A wannan shekara masu bincike suka gano wani ɓoyayyen umarni na taimakon tashi a cikin kwamfutar ƙungiyar Benetton, amma ba a sami shaidar an yi amfani da shi a tsere ba. Zargi ya yi ta yawo har 2001, lokacin da hukumar ta janye haramcin daga tseren ƙasar Sifen, saboda ta kasa tabbatar da dokarta. Ba ta iya maido da shi ba sai 2008, bayan ta tilasta wa kowace ƙungiya amfani da kwamfuta iri ɗaya wadda hukumar ta san cikinta.

Duk da haka injiniyoyi ba su rasa kafa ba. Cikin 2011 wasu ƙungiyoyi suka tsara totur ya zauna a buɗe ko da direba ya ɗage ƙafa, domin iskar salansa ta riƙa busa ƙarƙashin mota tana danne ta a kan kwana. Abin da yake kisa a zamanin kebur ya zama dabara a zamanin kwamfuta, har aka toshe hanyar cikin 2012.

Ƙananan Maƙera

Darasin wannan tarihi ya fito sosai a dokokin Formula SAE, gasar da aka fara a Amurka cikin 1981, inda ɗaliban jami'a suke ƙera motar tsere da hannunsu. Wanda ya zaɓi kebur, dole ya sa sifirin biyu, in ɗaya ya karye ɗaya ya rufe totur. Wanda ya zaɓi lantarki, dole ya sa ma'auni biyu masu zaman kansu. In suka saɓa da fiye da kashi 10 cikin 100 har tsawon kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, sai a yanke wuta nan take. Watau doka ba ta yarda da shaida ɗaya a kowane ɓangare ba.

Kammalawa

A taƙaice, babu hanyar da ta kore 'yar'uwarta. Mai ƙaramin ƙarfi da injin kafireto kebur ya fi masa, muddin yana duba shi kafin kowace fita. Mai injin zamani, wanda da kwamfuta aka ƙera shi, lantarki ya fi masa, muddin ya san abin da aka rubuta a cikinta. Ɗalibin injiniya zai lura cewa tambayar farko a kan kowace na'ura ita ce me za ta yi ranar da ta lalace. Ma'aikacin hukuma kuma zai lura cewa FIA ta yi shekara 14, daga 1994 zuwa 2008, kafin ta sami ikon binciken abin da ta haramta, kuma sai a lokacin dokar ta zauna.